Wa ya kaɗa gitar nan?

 Yau ba maganar farashin hatsi muka zo da ita ba, ba kuma ta hanya ba. Maganar kiɗa ce. Amma ku ɗan yi haƙuri da mu, don akwai haƙƙin mutane a cikinta.

Muna da wata ɗabi'a da ba mu cika lura da ita ba. In waƙa ta tashi a fada ana tsakar shayi, tambaya guda ce ake yi: wa ke waƙar ga? Da an faɗi sunan mawaƙi, magana ta ƙare. Ba mai cewa, to wa ke gitar? Alhali sau tari ba muryar ba ce ta sa ka aje kofi ka kasa kunne. Ɗan kukan tsirkiyar nan ne da ya buɗe waƙar, wanda tun mawaƙi bai buɗe baki ba ka riga ka gane ta. Shi kake fito da shi bisa babur, shi ke maka yawo a kai kana bakin aiki. Wani ne ya zauna ya ƙago shi da yatsunshi, kuma ko sunanshi ba mu tambaya. Ku buɗe wayoyinku yanzu ku duba. Rabin tsofaffin waƙoƙin da ke ciki ba su da suna sai jerin lambobin da WhatsApp ya laƙaba musu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba mu kaɗai ke da halin ga ba. Kowa ya san Michael Jackson, har wanda bai jin ko kalma guda ta Ingilishi. Faifanshi Thriller ya fito a 1982, kuma a ciki akwai waƙar “Beat It”. Tsakiyar waƙar akwai wurin da gita ke yin kururuwa kamar za ta tsage, abin bai fi rabin minti ba. Eddie Van Halen ne ya kaɗa wurin. Quincy Jones, wanda ya shirya faifan, shi ya kira shi, ya zo ya yi, bai karɓi ko dala ba. To amma kiɗan da ke ɗauke da waƙar tun daga farko har ƙarshe, wanda yaranmu ke kwaikwayo da baki, ba nashi ba ne. Steve Lukather na ƙungiyar Toto ne ya kaɗa shi, shi ne kuma ya kaɗa bas ɗin. Masu gita biyu ke nan a waƙa guda, ɗaya ya sha suna, ɗaya sai wanda ya bincika. Bambancinsu da namu guda ne: can in ka bincika kana samu, don a rubuce yake.

Bari mu ɗan tsaya kan abin da mai gita ke yi in an shiga ɗaukar faifai, don da yawanmu na zaton daidai yake da kiɗan biki. Ba daidai ba ne ko kaɗan. A biki waƙa ba ta da iyaka. Muddin mata na fitowa suna kari, mawaƙi na jero sunaye, mai gita na juya abu guda har hannu shi gaji. In ya yi kure, guɗa da ƙura sun rufe. Ba wanda ya ji, wanda ya ji ma ya manta kafin gari shi waye. A sitidiyo kuwa makirfo ba ta da kara. Abin da ka ba ta shi za ta riƙe, kuma shi jikokinka za su ji. Waƙar da anka saba ja minti ashirin dole a matse ta ta koma biyar ko shida. Dole wani shi yanke: nan za a fara, nan mawaƙi zai shigo, nan za a ba mai kalangu fili, nan kowa zai tsaya tare kamar an yanka da wuƙa. A yawancin orkes ɗin ƙasar ga mai gita ne ke wannan yankan, don shi ke riƙe da sautin da kowa ke bi, har mawaƙin. Ga kuma ƙananan abubuwan da mai saurare bai gani. Zafi na sa tsirkiya ta saki, sai an yi ta ɗaure ta tsakanin waƙa da waƙa. Ƙura na shiga na'ura ta sa ta ƙara. In kuran ya ɗauke anka tada inji, gurnaninshi na biyo waya shi shiga cikin waƙa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar wa'azi ko taron biki da waya kusa da inji ya san abin da muke nufi.

Sannan gita a orkes ba guda ba ce. Akwai mai solo, wanda ke fita gaba shi yi ta ado, akwai mai rakiya, wanda ke tsaye baya shina maimaita ƴar gajeruwar jimla guda ba ƙaƙƙautawa. Mu ƴan Arewa bai kamata wannan shi zama mamu baƙon abu ba. Ko mutum na so ko bai so, kunnen ƙasar ga da goge da ƙwarya ya tashi. Ido na kan mai goge, shi ake yaba, shi ake ba. Amma bari masu ƙwarya su yi saɓani na bugu guda, ƙafar mai rawa ce za ta fara faɗa maka. Haka kalangu da ɗan karɓi. Mai rakiya shi ne ƙwaryar orkes. In ya iya aikinshi ba ka jin shi, sai ran da babu shi.

To ga misalin da ya sa munka ɗauko zancen ga, kuma na gida ne, don daga Dutsi zuwa Yamai bai wuce tafiyar kilomita 270 da ƴan kai ba. Duk wanda ya yi zaman Yamai a shekarun 2000 ya san Tal National. Wanda ya kafa ta a shekara ta 2000 mai gita ne, Hamadal Issoufou Moumine, wanda duniya ta fi sani da Almeida. Mutumin ga ya taɓa zama ɗan ƙwallo, ya kuma zama alƙali a kotu, zuzu kamar yadda tsofaffinmu ke cewa. Da rana shari'a, da dare gita. Ƙungiyar ta tara Zabarmawa, Hausawa, Fulani, Buzaye da sauransu, kuma kowane na shigo da kiɗan gidansu. An san su da kiɗan awa biyar a dare, dare biyar a mako. Yawansu ya kai su rabu biyu su yi wasa wuri biyu a dare guda. Faifansu kuwa da kansu suke fita su saida a shataletalen Yamai, don babu wani kamfanin da zai raba musu.

Matsalar da Almeida ya tarar ita ce wadda ta kashe ƙungiyoyi da yawa a ƙasar ga. Kiɗa ya nuna, jama'a na so, amma ina za a ɗauke shi yadda ya kamata? Sitidiyon da zai iya ɗaukar ƙungiya guda cur, da ganguna da komai, sai an tafi Najeriya ko Ghana. Ku lissafa da kanku. Mutum goma da ƴan kai, da kayan kiɗa, da kuɗin mota, da masauki, da abinci, da abin da ake bari a kan iyaka, da kuɗin sitidiyo da ake biya awa-awa. Ga kuma dararen da za a rasa a Yamai, alhali su ne cin ƙungiyar. Sai ya juya lissafin. Maimakon a kwashi mutane a kai su wurin na'ura, a ɗauko mutum guda da na'urarshi a kawo shi wurin mutane. Ya gano hakan ya fi araha. Dama ya taɓa haɗuwa da wani injiniyan sauti, Jamie Carter, a wani bikin fasaha a Chicago ta Amurka. Ya gayyato shi Yamai, sunka ɗauki faifan A-Na Waya a 2008, wanda ya karɓu ƙwarai a cikin ƙasa. A watan Janairu na 2011 Carter ya dawo, cikin kamar mako biyu sunka ɗauki Kaani, a wani sitidiyo na Yamai da ƙura ta ci rabin kayanshi. Kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da shi ga duniya a 2013. Waƙa takwas ce a ciki, har da mai suna “Sarkin Fada”. Kaani da Zabarmanci daɗi ke nan. Bayanshi Zoy Zoy ya fito a 2015, Tantabara a 2018, kuma ƙungiyar ta yi ta zuwa Amurka wasa.

Abin da muke so ku lura da shi: babban aikin da mai gitar ga ya yi wa faifan nan, ya yi shi tun bai taɓa tsirkiya ba. Shi ya tara mutanen, shi ya riƙe su shekara goma suna kiɗa tare har hannuwansu sunka san juna, shi ya yi lissafin, shi ya nemo mai ɗauka. Mako biyu ba ya isar ƙungiyar da ba ta shirya ba. Ya ishe su ne don abin da za su ɗauka sun riga sun kaɗa shi dare ɗari bisa ɗari gaban mutanen da ba su yafe kure, wato masu rawar Yamai.

In kun samu faifan ku sa abin kunne, kar ku ji shi ta ƙaramin lasifikar waya, don tana cinye rabin aikin. Ku manta da mawaƙi na ɗan lokaci ku bi gitocin kaɗai. Ba irin gitar Turawa ba ce mai kuka da jan numfashi. Gajerun jimloli ne masu kaifi, suna bin juna a guje, wannan na shiga inda waccan ta bar rami, kamar mata biyu na daka a turmi guda, taɓarya na sauka taɓarya na tashi, ba a karo. Can sai kalangu shi tsoma baki, gita ta ba shi amsa. Wanda ya tashi da jin gurmi da molo zai ji hannunsu a ciki, ko da kayan na Turawa ne. Akwai masu cewa kiɗan ya cika sauri, ba ya barin kunne shi huta, kuma ba ƙarya sunka yi ba. Mu ma akwai waƙoƙin da muke jin da an ɗan sassauta musu da sun fi shiga jiki. Amma mun fi son shi haka bisa a ce an wanke shi an goge don kunnen baƙi. Zufar daren Yamai na nan cikinshi, ba a share ta ba.

Misali na biyu ya fi kusa da ciwon namu. Mdou Moctar, Buzun nan na yankin Tawa mai kaɗa gita da hagu, wanda yau ke cika manyan zaurukan Amurka da Turai, gitarshi ta farko da kanshi ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Faifanshi na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, nan ƙetaren iyaka, da irin na'urar gyaran murya da ake waƙoƙin finafinan Hausa da ita. Waƙoƙin sunka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin waya, har Mali da Muritaniya. Jama'a na ji, suna so, amma da yawa ba su san ko wane ne ba. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga ciki a wayoyin mutane, ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙi da ya fitar a 2011, ya bi sawu har ya gano mai ita. Ku duba siririn zaren da abin ya rataya a kai. Da bai bi sawun ba, da waƙar na nan tana yawo, mai ita kuma na can shina bin bukukuwa.

Kuma ko a wurin Mdou ɗin, da anka ce Afrique Victime, faifan nan na 2021 da ya ɗaga shi sama, suna guda ake kira. Amma duk wannan gudun da yake yi bisa tsirkiya, akwai wanda ya shimfiɗa mashi tabarmar: Ahmoudou Madassane, mai gitar rakiya, wanda ya daɗe tare da shi. Da Souleymane Ibrahim a ganguna, da Mikey Coltun a bas. Ku saurari waƙar da faifan ya ci sunanta, ku bar solo ɗin shi yi ta hauka, ku nemi abin da ke ƙasa bai motsi. Ahmoudou ke nan. Mun iya faɗa muku sunanshi yau don wani ya rubuta shi a bayan faifai. Ba wata dabara.

Yanzu mu dawo gida, don nan ne abin ke mamu ciwo. Akwai lokacin da kusan kowane babban gari a Nijar ke da orkes ɗinshi, kuma gari na alfahari da shi kamar yadda yake alfahari da ɗan kokowarshi. Zinder na da Super Haske, Tawa na da Azna de l'Ader, mu kuma muna da Akazama ta Dutsi. Sunan ma kaɗai ya isa: Akazama ɗan Ari, wanda tarihin baka ya ce shi ne Sarkin Arewa na farko. Zamanin samariya ne da bikin matasa na ƙasa, daga baya ga gasar Dan Gourmou, inda gari da gari ke gwada hannu. Waɗanda sunka yi samartaka a lokacin sun san yadda gidan matasa ke cika in an ce yau akwai orkes, yadda ake zuwa daga Matankari, daga Kiyeshe, daga Kore Mairuwa, wasu a mota wasu a ƙasa, yadda yaran da ba su da kuɗin shiga ke hawa katanga ko su lafe bayan gini suna ji. Cikin masu hawa katangar nan har da wasunmu, kuma ba mawaƙi muke kallo ba. Hannun mai solo muke kallo, mu koma gida mu nemi gwangwani da sanda da waya.

To yau a tara samari goma a kowace fada ta Dutsi ko Tibiri a ce su kawo sunan mai gita guda na wancan zamani. Dattawan da sunka yi rawa gabansu sun san su ɗaya bayan ɗaya, sun san unguwarsu, sun san wanda ya fi wani zafin hannu, har gardama suke yi a kai. Amma sanin na cikin kansu ne, kuma kowace shekara muna raka wasunsu makwanci. Abin da ya iso wayoyinmu kwafin kwafi ne: daga rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wata kaset, daga nan wani ya kara waya bakin lasifika ya ɗauka, har kana jin zakara na cara a baya. A irin wannan tafiya muryar mawaƙi ce ke tsira, don ita ce a sama. Gitar rakiya da bas su ne ke fara nutsewa. Wato mutumin da ba a faɗi sunanshi ba, shi ne kuma sautinshi ke fara ɓacewa.

Mutanen Tawa sun ɗan fi mu sa'a. Mona, mai gitar Azna de l'Ader, wanda ake kamanta shi da Jimi Hendrix saboda yadda yake sa gita ta yi ruri, ya kwashe shekaru da dama ana jin labarinshi a Nijar kaɗai, kafin Sahel Sounds ɗin nan su fitar wa ƙungiyar da faifai mai suna Zabaya. Ya zo a makare, amma ya zo. Yau yaro a Tawa na iya nuna abu shi ce ga kakanmu. Haka Saadou Bori na Maraɗi, Allah shi jiƙan shi, faifan Niamey Twice da sunka yi da Moussa Poussy a tsakiyar shekarun 1990 na nan, ana samu. Ba don sun fi namu iyawa ba ne ake jin su. An ɗauke su ne, an rubuta.

Sai dai in za mu faɗi gaskiya, ba laifin masu rediyo da masu tura waƙa a kasuwa kaɗai ba ne. Akwai abin da ke cikin gidajenmu. A ƙasar ga kiɗa gado ne. Mai kalangu ɗan mai kalangu ne, mai goge ya san gidan da ya fito, kuma kowa ya san matsayin da al'ada ta aje maroƙi. Ita gita ba ta da gida. Ta shigo ne ta hannun ƴan lakwal, da mushe, da sojoji, da waɗanda sunka yi zaman bariki. Sai ga ɗan malam, ko ɗan sarauta, ko ɗan babban ɗan kasuwa da gita a kafaɗa. Gida ya rikice. Uwa na kuka, uba na cewa ɗana ya zama maroƙi, in an je neman aure a ce ai makaɗi ne. Da yawa cikin masu gitar namu da kansu ba su so a kira sunansu a rediyo. Sun fi son su tsaya baya inda fitila ba ta kai ba, a yi kiɗa a watse, gobe su koma aji ko ofis kamar ba su ba. Mun san wanda ya yi shekaru shina aje gitarshi gidan aboki don kar mahaifinshi shi gani. Mun san wanda ran da anka ɗaura mashi aure ya saida tashi, bai sake taɓa wata ba, kuma in tsohuwar waƙarsu ta tashi a rediyo sai shi tashi shi bar wurin. Ba mu ce iyayen nan mugaye ba ne, abin da sunka sani ke nan. Shi ma Mdou gidansu ba su so ba. Amma a wannan ƙasa dai Malam Maman Barka ya yi koyarwa a lakwal kuma ya yi suna da gurmi, har ya rasu a 2018 da mutuncinshi. A wannan ƙasa alƙali ya rataya gita, kotu ba ta rushe ba.

Yau kuma wani abu ya zo ya ƙarasa abin da kunya ta fara. Ku je biki a Dumega ko Gesheme ko cikin Dutsi. Yaro guda ne da piyano, ko ma da kwamfuta da lasifika biyu. Ganga na cikin na'ura, bas na cikin na'ura, har wani abu mai kama da gita na ciki. Ba mu ga laifin mai biki ba. Wa zai ciyar da mutum takwas ya biya su, ga wanda zai yi shi kaɗai? Ba mu kuma raina yaran ba, cikinsu akwai masu kunne ƙwarai, kuma waƙoƙin Kano da suke bi mu ma muna ji. Amma na'ura ba ta saurin zuciya in rawa ta yi zafi, ba ta jinkirta wa tsohuwar da ta fito fili. Bugun da anka sa mata shi za ta yi har a kashe ta. Wancan abin da ke faruwa tsakanin mai solo da mai rakiya, kallo guda su juya kiɗa, ba ya cikinta. Kuma yaron da bai taɓa ganin ana yi ba, ba zai san ya rasa wani abu ba.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba mu son yi don kar a ce mun cika son abin duniya. Nijar na da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA. Amma ofis takarda yake bi. Wanda ba a rubuta sunanshi cikin waɗanda sunka ƙago waƙa ba, ko da shi ya haifi kiɗan da ake gane ta da shi, ba shi da abin da zai nuna, ƴaƴanshi ma haka. Sau nawa munka ji wani sabon mawaƙi ya ɗauki tsohon kiɗan gita ya ɗora sabbin kalmomi, ya zuba a intanet da sunanshi shi kaɗai? Mai kiɗan na nan da rai a wata unguwa, wataƙila shina gyaran rediyo ko shina jiran fansho, ya ji abinshi ya wuce bisa babur ɗin wani. Wa zai kai ƙara, da wace shaida?

Abin da Almeida ya yi a 2008 da tikitin jirgi, yau ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙaramar na'urar ɗaukar sauti da makirfo uku ko huɗu da kwamfuta na shiga jaka guda, kuma akwai ƴan Arewa a Yamai da Dosso da sunka iya aikin. Ba sai an kai kowa Ghana ba. Ɗaki mai kauri, dare bayan gari ya yi shiru, inji nesa da taga, sai tsofaffin hannuwan da sunka rage da sabbin tsirkiyoyi. Hannu ya yi nauyi, gaskiya ne, ba zai yi gudun da ba. Amma jimlolin na nan cikin yatsu, kuma mai su ne kaɗai zai iya cewa wannan ni na ƙago ta, waccan ta wane ce, Allah shi jiƙan shi. Ƴan kasuwarmu da ƴan siyasarmu da ke zuba kuɗi a kari dare guda, abin da ake bukata bai kai nan ba.

Kafin a samu mai yi, ga abin da ke hannunmu. Duk wanda ke da tsohuwar kaset ta orkes ɗin Arewa, cikin akwati ko cikin kayan marigayi, kar shi yar, kar kuma shi bar ta inda rana ke bugu. Kar ku yi saurin sa ta cikin tsohuwar rediyon da ta daɗe ba ta aiki, tana iya cinye zaren. Ku fara gwada wata kaset da ba ku damu da ita ba. In akwai rubutu a jikin kwalin, ku ɗauki hotonshi gaba da baya. Sannan ku nemi dattijo ko dattijuwar da ta yi zamanin, ku kunna musu, ku buɗe wayarku ku ɗauki abin da za su ce. Kar ku tsaya ga mawaƙi. Ku tambaya wa ke solo, wa ke rakiya, wa ke bas, wa ke ganguna, a wane gari anka ɗauka, shekarar wane abu ce. In biyu sunka yi gardama kan suna, ku ɗauki duka biyun, kar ku raba musu. In mai gitar na da rai, ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi ko ya yarda a faɗi sunanshi kafin ku turo mamu.